Da Hankalinsa Ya Yi

Ranar da aka kama Yaya ba a ɗora tukunya a gidanmu ba. Bayan sallar isha'i manya suka taru a zauren Baba a Talata Mafara, aka shimfiɗa tabarmi biyu, aka kashe rediyo. Gwaggo, wadda ta haife shi, ta zauna can bakin ƙofar shiga cikin gida, ta ja mayafi har bisa fuska. Abin da aka taru a kai kowa ya riga ya ji shi a kasuwa. Ɗaya daga cikin mutanen daji da suka shiga hannu ya ambaci sunan Yaya, ya ce shi ne ya gaya musu ranar da Baffa zai je gonarsa ta shinkafa a ƙasar Bakura, da hanyar da zai bi, da yawan buhunan da ya sayar a kakar da ta wuce.

Baffa ya yi kusan wata biyu a daji. Kafin ya dawo an sayar da gonar, an sayar da shanun huɗa, an ci bashin da har yau ba a gama biya ba. Wanda ya fi kowa kuka a masallaci a lokacin, wanda ya yi ta zirga-zirgar neman rance, wanda ya tashi tsaye ya ce shi zai kai kuɗin fansa tunda kowa na tsoro, Yaya ne. Mun yi masa addu'a da zai tafi. Da ya dawo Baba ya dafa kansa a gaban jama'a.

Gwaggo ce ta fara magana a daren. "Wanga yaro ba shi kaɗai na ba," in ji ta. "Tun yana ƙarami nis san akwai abin da ka tare da shi." Baba bai ɗaga kai ba, ya ce, "Da hankalinai yay yi." Aka yi shiru. Sai ya juyo wajena, ni da nake aji huɗu a tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a lokacin, ya ce, "Kai da kak karanta shari'a, mi doka tac ce?" Na ba shi amsar da ke cikin littafi, kuma daidai ce, amma na fita zauren ina jin kamar na yi ƙarya.

Taubashina ne, amma Yaya nake ce masa, domin ya girme ni da shekara bakwai kuma gida ɗaya muka tashi. Baffa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa. Ban taɓa ganin mai daɗin baki irinsa ba. Yakan shiga gidan da aka hana shi shiga ya fito da tuwo a kwano da albarkar tsohuwar gidan. Ina ɗan shekara shida na gan shi ya ɗaure 'yan tsaki uku da zare ya jefa su cikin magudanar ruwan Bakolori, ya tsuguna yana kallon yadda suke nutsewa, fuskarsa kamar ta mai kallon tururuwa. Da na yi kuka ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya tambaye ni ko nawa ne. Ƙarya kuwa yakan yi ta ko babu abin da zai samu. In an kama shi sai ya yi dariya ya kawo wata. An yi bulala har Baffa ya gaji, an kai shi makarantar allo a wani gari aka dawo da shi bayan wata uku, an yi rubutun sha, an yi ruƙiyya. Bulala ba ta sa shi tsoro, abin da kawai take koya masa shi ne inda zai gyara don kada a sake kama shi. Yana da shekara goma sha tara ya sayar da babur ɗin maƙwabci, Gwaggo ta matsa aka kai shi wani asibitin masu taɓin hankali. Likita ya yi hira da shi, ya fito ya ce yaron ba ya jin muryoyi, ba ya gane-gane, ya san rana ya san wata, lafiyarsa lau. A mota Yaya ya riƙa kwaikwayon muryar likitan har direba ya yi dariya.

Kalmar hankali a Hausa tana ɗauke da kaya biyu. Akwai hankalin da ake rasawa a zama mahaukaci, akwai kuma hankalin da ake yabon yaro da shi in ya iya zama da mutane. A laccarsa kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa hankali tare da gaskiya da amana da kunya da mutunci a cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Yaya yana da hankalin farko cikakke, na biyun ne babu ko ɗigo. Da Baba da Gwaggo duk gaskiya suka faɗa a daren nan, kowa ya kama gefe ɗaya na kalma ɗaya.

Akwai sunan da muke ba irin wannan mutum: marar imani. Abin lura shi ne in Bahaushe ya faɗi haka ba aƙida yake nufi ba. Yaya bai taɓa fashin sallar Juma'a ba. Ana nufin babu abin da ke motsi a ƙirjinsa in wani yana shan wuya. Turawa suna kiran wannan saikofati. Na so in fassara ta da mutuwar zuciya, sai na tuna a wajenmu mai matacciyar zuciya malalaci ne, Yaya kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ƙeƙashewar zuciya ta fi kusa, kuma malaman zaure sun daɗe da sanin ta a babin cututtukan zuciya. Ba mu kaɗai muka ga irin mutumin ba. A 1976 wata mai binciken al'adu, Jane Murphy, ta rubuta cewa Yarbawan yankin Abeokuta suna kiran mai irin wannan hali arankan, mutanen yankin ƙanƙara na Alaska kuma suna ce masa kunlangeta. A wuraren biyu masu maganin gargajiya ba su ɗauke shi a matsayin ciwon da suke warkarwa ba. Duk mai cewa wannan ƙirƙirar Bature ce, sai ya fara bayyana yadda mafarautan ƙanƙara da manoman rogo suka yi wa abu ɗaya suna ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun fi shekara ɗari biyu suna kai-kawo da shi. Philippe Pinel a Faransa, a farkon ƙarni na 19, ya kira shi hauka ba tare da gushewar tunani ba. James Prichard a Ingila, a 1835, ya ce haukan ɗabi'a ne. A 1941 Hervey Cleckley na Amurka ya fitar da littafin da ya siffanta marasa lafiyarsa a matsayin masu sanye da lulluɓin hankali: a waje komai daidai, a ciki babu nadama, babu ƙauna mai zurfi, babu koyon darasi. Ranar da na karanta shi a ɗakin karatu sai da na rufe littafin na fita shan iska, domin ji na yi kamar marubucin ya taɓa kwana a gidanmu. Daga baya Robert Hare na Kanada ya tsara ma'auni mai siffofi 20, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 2. A Arewacin Amurka wanda ya kai 30 cikin 40 shi ake kira saikofat, a Birtaniya sau da yawa 25 ake ɗauka. Wato mutum zai iya zama saikofat a Landan ya tsallaka teku ya zama ba shi ba.

Har yanzu kalmar ba ta da gurbin kanta a manyan kundayen cututtuka. Kundin likitocin Amurka na 2013 ya ajiye ta ƙarƙashin gurɓacewar ɗabi'a mai gaba da jama'a, wadda ake ganewa galibi ta ayyuka: karya doka, faɗa, yaudara, rashin riƙe alƙawari. Matsalar wannan ita ce ta yi faɗi, har ta haɗiye babban kaso na mazauna kowane gidan yari, alhali masu ƙeƙasasshiyar zuciya na ainihi 'yan tsiraru ne ko a can. Kuma akwai zagaye a ciki. Me ya sa yake aikata laifi? Domin yana da ciwon. Ta yaya aka san yana da ciwon? Domin yana aikata laifi. Sabon kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya bar akwatuna ya koma ga mataki: gurɓacewar ɗabi'a mai sauƙi, matsakaiciya, ko mai tsanani, sannan a faɗi halin da ya rinjaya, kamar rashin damuwa da haƙƙin wasu. Wannan ya fi kwanta mini, domin haka na ga abin a rayuwa. Na san 'yan kasuwa da 'yan siyasa masu rabin halin Yaya, suna nan ana yi musu kirari.

Ma'aunin Hare kuwa, in za a kawo shi Zamfara, sai an sake masa awo. A gidajen yarin Kanada aka ɗinka shi. A cikin siffofinsa akwai yawan aure-aure marasa ɗorewa, akwai rayuwa a kan gumin wasu, akwai tarihin laifi tun yarinta da ake dubawa a takardun hukuma. A garin da saki ba baƙon abu ba ne, inda saurayi marar aiki ke ci a tukunyar gidansu har ya kai talatin ba don mugunta ba, inda laifin yaro a zauren mai unguwa ake kashe shi ba a rubuta ba, wa zai ba da makin, da wane ma'auni? Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba. Mu a nan in abu ya yi tsanani sai Kware ta jihar Sakkwato.

A nan ne na kusa yin kuskuren da nake ganin da yawa daga cikin 'yan boko irina suna yi. Da na samu kalmar sai na fara raba ta ga kowa. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, a ƙaramar hukumarmu. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun, bayan kwana biyu aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Duk wanda ya rayu a wannan shekara zai so a ce masa masu yin haka wata halitta ce daban, ƙwaƙwalwarsu ba irin tamu ba. Amma lissafi bai yarda ba. Kiyasin da masana ke yawan ambata shi ne kusan mutum ɗaya cikin ɗari, kuma babu dalilin da zai sa dazuzzukanmu su haifi dubbai a cikin shekara goma. Masanin tarihi Christopher Browning ya bi diddigin wata bataliyar 'yan sandan Jamus, magidanta kusan 500 daga Hambug, waɗanda suka harbe dubban Yahudawa a Folan daga 1942, ya tarar mutane ne gama-gari. Wasunsu sun yi amai a ranar farko, daga baya suka saba.

Baffa ya ba ni labarin yaron da aka sa ya tsare su a daji, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba. Da rana yakan doke su da gindin bindiga in manya na kallo, da dare ya turo musu ruwa da ƙafa, ya kwanta yana surutai cikin barci sai ya haɗiyi ƙwaya. Wannan yaro zuciyarsa ba ta bushe ba, danne ta ake yi kullum da tiramadol da tsoro. In aka kira shi da sunan da ake kiran Yaya an zalunce shi, kuma an wanke mu. Domin in duk ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba sauran tambaya kan burtalin da aka nome, da shanun da aka sace ba a bi sawu ba, da kisan da 'yan sa-kai suka yi a kasuwanni, da alƙalin da ya karɓi na goro. Tsofaffinmu ma suna tuna Afrilun 1980, lokacin da manoman da madatsar Bakolori ta cinye wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mamatan ashirin da 'yan kai ne, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Ba wanda ya ce masu harbin nan marasa lafiya ne. Umarni aka ba su. Abin da na yarda da shi shi ne, rikici irin namu yana ɗaga masu ƙeƙasasshiyar zuciya sama kamar yadda ambaliya ke ɗaga busasshen kara, su zama jagorori ko masu kai rahoto, amma ba su ne ruwan ba. Kuma ba zan ɗora wa wani ƙasurgumin ɗan bindiga wannan suna daga jin muryarsa a waya ba, tunda likitocin kansu sun hana junansu yanke wa mutum ciwo ba tare da sun zauna da shi ba.

Amsar da na ba Baba a daren nan daga sashe na 51 na Final Kod ta fito, dokar da Arewa ke aiki da ita tun 1960. Sashen ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Asalinsa shari'ar Daniel M'Naghten ce a Ingila a 1843, mutumin da ya harbe sakataren Firayim Minista Robert Peel bisa ruɗin cewa ana farautarsa. Ma'aunin sani ne kawai. Kundin laifuka na Kudu, a sashe na 28, ya ƙara da wanda ciwo ya hana shi iya riƙe kansa. Ko da wannan aka auna Yaya ba zai tsira ba. Wanda ya jira kaka ta wuce, ya ƙirga buhuna, ya iya kuka a masallaci, ya fi ni iya riƙe kai.

Fiƙihu ma nan ya tsaya. Sharaɗin taklifi balaga ne da hankali, kuma waɗanda aka ɗauke wa alƙalami su ne yaro da mai barci da mahaukaci. Ƙeƙashewar zuciya a wajen malamai abin zargi ce, ba uzuri ba. A garinmu ba a buƙatar a tuna wa kowa cewa shari'a da gaske take: a babban asibitin Talata Mafara aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Maris na 2000 kan satar saniya, wata biyu bayan gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta fara aiki da dokar. Ina goye a lokacin, amma da labarin muka tashi. Abin da ban sani ba sai da na shiga jami'a shi ne yadda Imam Malik ya kalli ɗan fashi. Ibn Rushd ya kawo cewa a wajen Malik shugaba yana da zaɓi a hukuncin hiraba, kuma yana duba irin mutumin: mai dabara da tsara makirci hukuncinsa ya fi tsanani, domin yanke gaɓa ba ya kawar da cutarwarsa, mai ƙarfi kawai ba dabara yana ƙasa da shi, wanda ba shi da ko ɗaya a yi masa mafi sauƙi. Wato tun ƙarni na 8 an gane cewa wanda ya riƙe bindiga da wanda ya nuna hanya ba lallai haɗarinsu ya zo ɗaya ba, kuma mai sanyin kai yana iya fin mai zafin hannu.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne babin tuba. Ayar hiraba a Suratul Ma'ida ta buɗe ƙofa ga wanda ya tuba kafin a ci ƙarfinsa, Risalar Ibn Abi Zaid kuma ta bayyana cewa haddi ne ke faɗuwa, haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan. Daga 2019 gwamnatin Bello Matawalle, ɗan Maradun, ta bi hanyar sulhu, muka ga tubabbun 'yan bindiga suna miƙa makamai suna rantsuwa da Alƙur'ani. Wasu sun tuba da gaske, wasu sun koma. Duk tsarin ya dogara ne kan nadama, ita ce kuwa ainihin abin da irin su Yaya ba su da shi, kuma sun fi kowa iya nuna ta. Yaron nan mai surutai cikin barci, in aka tsayar da shi gaban manya, ƙila ya kasa haɗa jimla biyu. Yaya zai sa malamai hawaye. A nan nake ganin ilimin likita yana da aiki a shari'a: wajen yanke shawarar wa za a saki, da wane sharaɗi, wa zai sa masa ido. Haƙƙin mutanen da Risala ta ce ba ya faɗuwa shi ma gwaji ne mai kyau, domin mayar da abin da aka ci ya fi zubar da hawaye wuya.

Saura tambayar da ta hana ni barci. Akwai masana, irin su Stephen Morse na Amurka, da ke cewa mai tsananin wannan hali bai cancanci zargi ba. Hujjarsu ita ce sanin cewa an hana abu daban yake da fahimtar dalilin hanin. Binciken David Lykken a 1957 ya nuna jikinsu ba ya koyon tsoron horo kamar na sauran mutane. Na James Blair daga baya ya nuna suna da rauni wajen gane tsoro da baƙin ciki a fuskar wani, ya danganta hakan da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala. In haka ne, tambayar da Yaya ya yi mini a bakin ruwa, ko 'yan tsakin nawa ne, ba izgili ba ce. Iyakar abin da ya gani ke nan, asarar dukiya. Shin ana zargin makaho don bai ga rami ba?

Na daɗe a kan wannan kafin in samu inda zan tsaya. Makaho bai ga rami ba, amma in an gaya masa akwai rami, ya auna bakinsa da sanda, sannan ya ja wani ya tura ciki, makantarsa ba ta wanke shi. Yaya ya san ciwon da za mu ji sarai, da shi ma ya yi lissafin kuɗin fansa. Ya san Baba zai sayar da komai don ɗan'uwansa. Tausayin da ba ya ji a ransa ya iya karanta shi a ran wasu kamar mai karanta sikeli. Kuma yawancinmu ba kullum tausayi ke hana mu ɓarna ba. Wani lokaci kunya ce, wani lokaci tsoron Allah, wani lokaci sanin doka kawai, kuma waɗannan ƙofofi ba a rufe masa su duka ba. Abin da binciken ya rage mini shi ne alfahari. Ban yi wani aiki na sayi zuciyar da ta sa ni kuka a bakin ruwa ba, tarar da ita na yi. Don haka ina ganin a asibiti a karɓe shi a matsayin lalura mai matakai, a kotu a hukunta shi a matsayin mai hankali, a tsare jama'a daga gare shi muddin haɗarinsa na nan, amma ba tare da an mayar da shi dabba ba. Ingila ta taɓa rubuta wannan lalura da sunanta a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 1959, ta cire sunan a 2007 bayan dogon jayayya kan ko ana iya maganinta. Mu sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

Bayan wata huɗu Gwaggo ta same ni a ɗaki. Wani ya gaya mata in aka samo takardar likita cewa Yaya yana da taɓin hankali za a sassauta masa. Ta kwance bakin zane ta fito da katin asibitin nan na shekarun baya, ya yi laushi saboda ajiya. "Ɗana," ta ce, "kai ka san yadda a ka rubuta irin wagga magana." Na ce mata, "Gwaggo, likitan nan cewa ya yi lafiyarsa lau." Ta ce, "To mi ad damuwatai?" Na buɗe baki in yi mata bayanin Cleckley da Hare, sai na ga abin da zan gaya mata shi ne ɗanta yana da lalurar da ba ta isa ta cece shi ba, ta dai isa ta sa a ƙi sakinsa. Na ce ba zan iya rubutawa ba. Ta mayar da katin ta ɗaure. Ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwata.

Na je ganinsa sau ɗaya a gidan gyaran hali. Ya yi ƙiba. Ya riga ya zama mai raba abinci a ɗakinsu, ma'aikata suna kiransa da laƙabi. "Barista!" ya ce, "an zama manya." Ya tambayi kowa da sunansa, ya tambayi ƙafar Kawunsa da aka ce tana ciwo tun dawowarsa, ya ce a gaya masa ya riƙa shafa man shanu. Na tambaye shi abin da na zo tambaya. Ya ce sharri ne. Da na yi shiru sai ya ce, to ko da gaskiya ne, ai ba a kashe shi ba, kuma gonar nan da ma akwai gādon uwarsa a ciki. Sannan ya ce in bar masa dubu biyu. Na bar masa, har yanzu ban san dalili ba.

Yana da ɗa namiji, ɗan shekara biyar, uwarsa ta yi wani aure ta bar shi. Baffa ne ya ce a kawo masa shi. Duk gidan ana sa wa yaron ido ba a faɗa. In ya ture wani a wajen wasa sai hira ta tsaya. Na karanta cewa gādo yana da hannu a wannan hali, na kuma karanta cewa a ƙuruciya ne aka fi samun sa'a: a cibiyar Mendota ta jihar Wiskonsin, matasa masu tsananin laifi da aka bi da lada kan kyakkyawan hali maimakon ƙarin horo sun rage komawa ta'addanci idan aka gwada su da takwarorinsu. Na gaya wa Baffa haka, na ce bulala ba ta yi wa uban komai ba. Ya ce shi ma ya gani, shi ya sa ya jefa dorinar a rijiya.

Ran nan na dawo daga Gusau na tarar da yaron tsugune a bayan rumbu, da ɗan tsako a hannunsa. Na tsaya daga nesa, ban yi motsi ba. Ya juya shi, ya ja fiffikensa ɗaya ya buɗe, ya daɗe yana dubawa. Kazar tana ta zagaye shi tana kuka. Baffa ya ƙwala masa kira daga zaure ya zo ya karɓi ƙosai, ya ajiye ɗan tsakon a ƙasa ya ruga.